MAGANIN DAMUWA DABAM, MAGANIN RASHIN NATSUWA DABAM

Duk wanda ya saba zama kusa da kantin kemis bayan sallar lisha, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, ya san irin mutanen nan da kan zo su raɓe gefe guda, sai jama'a sun watse sannan su matso su yi magana ƙasa-ƙasa. Ba zazzaɓi ya kawo su ba, ba kuma ciwon ciki ba. Kukansu uku ne kusan kullum: barci ya ƙaurace musu, gabansu yana faɗuwa ba gaira ba dalili, hankalinsu kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai kemis, wanda shi ɗan kasuwa ne ba likita ba, sai ya miƙa hannu kan kanta ya yago ƙwaya goma, ya ce a riƙa shan ɗaya da dare. Sau da yawa abin da ya bayar amitiriftalin ne, ko kuwa Valium.

Bayan mako guda mutumin ya kan dawo ya ce barci kam ya samu, har ma ya yi yawa, amma bakinsa ya bushe ƙamas, jikinsa ya yi nauyi, kuma har yanzu in ya ƙidaya kuɗin ciniki sau uku sai ya sami jimla uku. Daga nan sai ya yanke ɗaya daga cikin hukunci biyu: ko dai maganin Turawa ba ya aiki, ko kuwa abin da ke damunsa ba na asibiti ba ne. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin wanda ya yanke su ya kan koma ga taramol, ko ya ƙare da mari a ƙafa a gidan wani mai magani.

Gaskiyar magana ita ce, koke-koken nan uku suna iya zama ciwo uku dabam dabam da suka taru a jikin mutum ɗaya. Akwai ciwon damuwa, watau baƙin cikin da ke danne mutum makonni ko watanni har ya rasa sha'awar abinci da sana'a da iyali. Akwai ciwon fargaba, watau tsoro da zullumi da bugun zuciya ba tare da wani abin tsoro a gaba ba. Sannan akwai ciwon rashin natsuwa, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da haruffan ADHD, wanda mai shi ba ya iya tsare hankalinsa a kan aiki ɗaya tun yana ƙarami. Magungunan damuwa suna aiki a kan na farko da na biyu. Galibinsu ba sa taɓa na ukun. Wannan ita ce maganar da ba a gaya wa jama'a, kuma rashin faɗinta ya sa ana zargin magani da laifin da ba nasa ba, ana kuma zargin majiyyaci da lalaci alhali kuwa rabin ciwonsa kaɗai aka duba.

Kafin a yi nisa, ya kamata a wanke maganin damuwa daga wani ƙazafi. A bakin mutane da yawa duk abin da ya shafi ƙwaƙwalwa sunansa ƙwaya, mai shansa kuwa ɗan ƙwaya. Ba haka ba ne. Magungunan nan ba sa bugarwa, ba sa sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar yadda mashayi ke yi, kuma ba jiya aka fara su ba. Wani likita a ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, shi ya gano amfanin imifiramin ga masu ciwon damuwa, ya bayyana shi a 1957. Amitiriftalin, wanda ya cika kantuna a ƙasar nan sabo da arharsa, an yarda da shi a Amurka tun 1961. Fuloksetin, wanda duniya ta fi sani da sunan Prozac, ya fito a ƙarshen 1987, satiralin ya biyo baya a 1991. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa amitiriftalin da fuloksetin cikin jerin magungunan da ta ce tilas kowace ƙasa ta tanada, daidai da maganin zazzaɓin cizon sauro da na hawan jini.

Aikinsu kuwa an gwada shi. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magungunan damuwa 21, aka tarar kowannensu ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani, ko da ya ke ratar ba ta da faɗi ƙwarai a wasu. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, ya nuna cewa wajen mutum ɗaya ne cikin uku ke warwarewa sarai da maganin farko da aka ba shi. Saura sai an ƙara, ko an sauya, ko an haɗa da wani. Ashe ke nan ba sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Ya kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji sauƙi, kuma illolinsa su ke riga amfaninsa isowa: tashin zuciya, ciwon kai, bushewar baki, wani lokaci ma fargabar ta ɗan ƙaru a kwanakin farko. Akwai kuma illar da maza ba sa son faɗa, watau raguwar sha'awa ko jinkirin biyan bukata, wadda ta sa magidanta da yawa suka jefar da magani a ɓoye ba tare da sun gaya wa likita dalili ba. Da sun faɗa, da an sauya musu.

In sauƙi ya samu, ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali. Wanda ya yanke shi rana ɗaya ya kan ji jiri da rashin barci da wani abu kamar fizgar lantarki a ka, sai ya ɗauka ya zama ɗan ƙwaya. Jiki ne kawai ya saba, kamar yadda ya ke sabawa da maganin hawan jini.

To, ina matsalar ta ke? Matsalar tana ga ciwo na ukun nan, wanda a nan ƙasar kusan ba a san da shi ba sai a manyan asibitocin koyarwa.

A ɗauki misalin yaron da kowa ya taɓa gani. A makarantar allo shi ne wanda ba ya iya zama, malam na biya masa yana kallon tsuntsu. A firamare ya san amsa amma ya manta littafi a gida, ya ɓatar da fensir uku cikin mako. An aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, ko ya dawo bayan sa'a biyu hannu wofi. An kira shi mai ƙiriniya, an kira shi sakarai, an doke shi har masu dukan sun gaji. Ba daƙiƙi ba ne, domin abin da ya ba shi sha'awa, kamar kwance rediyo ko gyaran keke, ya kan wuni a kai bai ci abinci ba. Ya girma, kawunsa ya ɗauko shi zuwa Ikko ya zaunar da shi a shago. Ya ba da bashi bai rubuta ba, ya manta alkawarin da ya yi da mai kawo kaya, ya katse abokin ciniki da magana, ya fara sana'a huɗu bai gama ko ɗaya ba. Ƙannensa sun yi gida, shi yana nan. Yana da shekara talatin sai ya wayi gari ba ya son fita, ba ya son ganin kowa, yana ganin kansa ba shi da wani amfani a duniya, in waya ta yi ƙara gabansa ya faɗi don ya san wani abin ya sake mantawa.

Wannan mutum yana da ciwon damuwa, ba shakka, yana da fargaba kuma. Amma ruwa ba ya tsami banza. Damuwarsa ta tsiro ne a kan shekara ashirin da biyar na faɗa da duka da hasara. In an ba shi fuloksetin, mai yiwuwa ne bayan wata biyu kukan zuci ya ragu, ya koma cin abinci, ya koma shago. Sai dai kuma ranar da ya koma shagon, mantuwar tana nan tana jiransa, ita da rikicin lissafi da saɓa alkawari. Bayan wata shida hasara ta sake taruwa, damuwa ta dawo, a ƙara masa yawan magani, a sauya masa wani, a ce ciwonsa mai taurin kai ne. Ana ta share ruwa a ɗaki ba a dubi inda rufi ke yoyo ba.

Na mata ya fi ɓoyuwa. Yarinya mai wannan ciwo sau da yawa ba ta tsalle-tsalle, tana zaune shiru, hankalinta ne ya yi tafiya. Ba wanda ya damu da ita a aji tun da ba ta damun kowa. Sai ta yi aure abin ya fito fili: tuwo ya ƙone, wanki ya kwana a jiƙe, kuɗin cefane ya ɓace a cikin ɗaki, uwar miji ta ce ba a koya mata komai ba a gidansu. In damuwa ta kama ta, musamman bayan haihuwa, abin da za a fara cewa shi ne iska ce ko sammu. Wadda ta yi sa'a ta kai asibiti, ita ma maganin damuwa kaɗai za ta samu.

Ba sabon ciwo ba ne, ba kuma ƙirƙirar 'yan zamani ba ce. Wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara a laccocin da ya gabatar a Landan a 1902. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura da abin mamaki, cewa maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa shi ne ke sa irin yaran nan su natsu su yi karatu. An haɗa metilfenidet, wanda a ke sayarwa da sunan Ritalin, a 1944. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba ciwon sunan da ya danganta shi da raunin hankali a kan abu ɗaya a 1980, ta gyara sunan zuwa na yanzu a 1987. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne wajen yara 5 cikin 100 ke da shi, manya kuwa wajen 2 zuwa 3 cikin 100. Yana bin jini ƙwarai, shi ya sa sau da yawa uban da ya kai ɗansa asibiti ya kan ji likita na lissafa alamomi ya ga kamar tarihinsa a ke karantawa. Wani bincike a kan manya a Amurka wanda aka buga a 2006 ya tarar kusan rabin masu wannan ciwo suna da ciwon fargaba, fiye da kashi ɗaya cikin uku kuma suna da ciwon damuwa ko danginsa. Haɗuwar ciwukan nan a mutum ɗaya, ke nan, ba abin mamaki ba ne. Ita ce ma aka fi gani.

Yaya a ke rarrabe su, tun da shi ma ciwon damuwa yana hana mutum tattara hankali, fargaba ma haka? Babu gwajin jini, babu hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna. Abin da ke rarrabewa tambaya ce mai kalma biyu: tun yaushe? Ciwon damuwa yana da mafari. Mutum zai ce lafiyarsa ƙalau sai bayan rasuwar mahaifinsa, ko bayan gobarar kasuwa, ko tun damina ta bara. Mai fargaba kuma in an tambaye shi inda hankalinsa ke tafiya, zai ce wurin abin da ya ke tsoro. Amma mai rashin natsuwa ba ya tuna lokacin da ba haka ya ke ba, kuma hankalinsa na yawo ko ran da ya ke cikin farin ciki. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2013 ita ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, watau a gida da makaranta, ko a gida da wurin sana'a. Sabo da haka mutumin da ya fi kowa amfani a ɗakin likita ran nan ba majiyyacin ba ne, mahaifiyarsa ce, ko yayarsa, ko wanda suka yi makarantar allo tare. Ga ɗan ci-rani a Ikko wanda tsohuwarsa ke can Gumel ko Illela, wayar hannu ta sauƙaƙa wannan. Minti biyar na magana da ita ya fi ƙwaya ɗari da aka bayar bisa kintace.

In an tabbatar ciwukan sun haɗu, wanne za a fara yi wa magani? A nan likitoci sun daidaita a kan abin da hankali ma zai bayar: a fara da wanda ya fi barazana. Mutumin da ya daina cin abinci, ko ya ke maganar gara ya mutu ya huta, ba a tsayawa yi masa tambayar fensirin da ya ɓatar a firamare. Damuwarsa a ke fara tarewa, kuma a nan maganin damuwa yana ceton rai. In ta lafa, sai a sake zama a duba abin da ya rage. In kuwa damuwar mai sauƙi ce, kuma a bayyane ya ke cewa daga rikicin rashin natsuwa ta ke tasowa, likita na iya farawa da maganin rashin natsuwar, sau da yawa kuma damuwar ta ragu da kanta. Akwai kuma waɗanda sai an haɗa musu biyun, kuma haɗa metilfenidet da irin su satiralin abu ne da a ke yi yau da kullum a ƙasashen da magungunan ke samuwa, muddin ana auna hawan jini da bugun zuciya da nauyin jiki, domin metilfenidet yana rage cin abinci, yana iya hana barci, yana kuma iya tsananta fargaba ga wasu.

Akwai magungunan da ke tsakiya. Atomoksetin, wanda aka yarda da shi a Amurka a 2002, na rashin natsuwa ne amma ba ya cikin masu zaburarwa, ba a kuma shan sa don maye, kuma ya kan dace da wanda fargaba ta yi wa yawa, sai dai shi ma yana ɗaukar makonni. Amma ga wani tarko: fuloksetin da faroksetin suna hana hanta sarrafa atomoksetin da sauri, sai ya taru a jini fiye da kima. Likitan da ya san mutum na shan ɗaya zai rage ɗayan. Wanda ya karɓi ɗaya a asibiti ya sayi ɗayan a kemis ba mai rage masa. Bufurofiyon kuma maganin damuwa ne wanda ya ke ɗan taimaka wa rashin natsuwa, shi ya sa wasu likitoci ke jifan tsuntsu biyu da shi, amma ba a ba mai farfaɗiya, kuma ba shi ne gwani wajen fargaba ba. Duk wannan lissafi ba na mai kanti ba ne. Doka ma ba ta ba masu ƙananan kantunan magani izinin sayar da irin waɗannan ba, na takardar likita ne.

Haɗari mafi kusa da matasa a ƙasar nan shi ne taramol. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na shan ƙwaya a Nijeriya, daga cikinsu miliyan 4.6 irin su taramol su ke sha ba bisa umurnin likita ba. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton da gidan rediyon BBC ya yi. An kama, an ƙona, an yi wa'azi, kuma duk ya dace. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me ya kai yaron ga kwalbar tun farko. An daɗe da sanin cewa masu rashin natsuwa da ba a yi wa magani ba sun fi sauran mutane faɗawa shaye-shaye. Ɗan acaɓan da ke haɗiyar taramol da safe don ya iya tsayawa a kan aiki, wani lokaci magani ya ke nema a inda bai kamata ba. In irin wannan ya karɓi fuloksetin ko amitiriftalin ya ɗora a kan taramol, yana iya faɗuwa da farfaɗiya, ko jikinsa ya ɗauki zafi da rawa da ruɗewa har ta kai ga rasa rai. Wajibi ne majiyyaci ya gaya wa likita abin da ya ke sha, wajibi ne kuma likita ya tambaya ba da fuskar alkali ba, domin wanda aka kunyata ba ya faɗin gaskiya.

Valium da danginsa kuwa, waɗanda masu kemis ke ba mai fargaba don suna kwantar da ita nan take, su ne ainihin masu kama mutum. Na 'yan kwanaki ne. Wanda ya yi watanni a kansu ya kan kasa bari, kuma suna ƙara dusashe hankalin da dama can ba ya tsayawa. Amitiriftalin shi ma, ko da ya ke magani ne na gaske, in aka sha shi da yawa lokaci guda yana tsayar da zuciya, don haka bai kamata a damƙa wa mai tunanin kashe kansa na wata guda a hannu ba. Wani ɗan'uwa ya riƙe, ya riƙa ba shi na kowace rana.

Sauran gargaɗi biyu. A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta a jikin kwalin magungunan damuwa cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a makonnin farko, a 2007 ta faɗaɗa gargaɗin zuwa duk wanda bai kai shekara 25 ba. Ba wai a hana su magani ba, a'a, a sa musu ido ne, a komar da su asibiti da wuri in sun sauya. Na biyu, akwai masu ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, mako biyu yana rabon kuɗi ba ya barci, wata uku yana kwance ba ya magana. Wannan yana kama da rashin natsuwa ƙwarai, ga yawan magana ga gaggawa, sai dai shi zuwa ya ke yi ya tafi. In an ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai, ko mai zaburarwa, ana iya tunzura ciwon. Nan ma tambayar nan ce ta tun yaushe ke raba gardama.

Wani zai ce, to, duk wannan ba ciwon masu ƙoshi ba ne? Ba kamfanonin magani ne ke neman kasuwa ba? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata a yi watsi da ita ba. A Amurka rubuta magunguna masu zaburarwa ya yi yawa har aka shiga ƙarancin ɗaya daga cikinsu, Adderall, a 2022, kuma ɗalibai da dama na sayensu a ɓoye don karatun jarrabawa. Metilfenidet yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa tsauraran sharuɗɗa, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sa shi cikin jerin magungunan tilas a 2019 da 2021, yana cewa hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar da shi ba. Ƙasar da ta sha wuya da kodin tana da dalilin yin taka-tsantsan. Amma ciwon Nijeriya ba yawan rubutawa ba ne. A nan yaro na iya gama firamare da sakandare da bulala a bayansa kullum ba wanda ya taɓa tunanin a kai shi a duba shi. Gudun abin da ya faru a Amurka bai zama dalilin barin wannan yaro haka ba.

Ba kuma duka maganin a kwalba ya ke ba. Mai rashin natsuwa yana bukatar littafin bashi da ba ya rabuwa da shi, da ƙararrawar waya mai tuna masa alkawari, da abokin sana'a mai riƙe lissafi shi kuwa ya riƙe ciniki, wanda sau da yawa ya fi kowa iyawa. Salloli biyar da kansu ma'aunin lokaci ne da zai rataya ayyukansa a kai. Mai fargaba kuma ya dubi yawan goro da kofi da lemon ƙarin kuzari da ya ke sha, domin abin da ke cikinsu na sa zuciya bugawa. Zama da masanin halayyar ɗan'adam ana koyon yadda a ke kama mugun tunani tun bai yi nisa ba, shi ma magani ne da aka gwada, ga mai damuwa marar tsanani ma yana iya wadatarwa. In azumi ya zo, kada a ajiye magani har wata guda. Yawancinsu sau ɗaya a ke sha a rana, likita na iya mai da shi lokacin sahur ko bayan buɗa-baki. Addu'a kuwa ba ta taɓa yin faɗa da magani ba, malamai sun daɗe suna faɗin cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda ya fara tsarin jiyya a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta a 1954, ya zaunar da majiyyata a gidajen mutane tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Duniya ta zo ta koya daga gare shi.

Saura aikin hukuma. A Janairun 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai tushe tun 1916. Abin yabo ne. Amma doka ba ta duba majiyyaci. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. Asibitocin tarayya na Yaba, wanda ke nan tun 1907, da Aro, da Binin, da Inugu, da Kalaba, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ba za su iya ɗaukar kowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari tun 2008 na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane ciwon damuwa da ba da maganinsa, kuma masanan Jami'ar Badun, irin su Farfesa Oye Gureje, sun gwada shi a nan gida. Ya kamata jihohi su ɗauke shi da gaske, a kuma ƙara wa ma'aikatan darasi guda: duk wanda aka yi wa maganin damuwa sau biyu bai daidaita ba, a tambayi ƙuruciyarsa, a tura shi gaba.

Game da metilfenidet da atomoksetin, abin da ya dace shi ne a tanade su a manyan asibitoci, a kulle, da rajista, ba mai rubuta su sai ƙwararre, yadda a ke yi da allurar kashe zafi ta masu ciwon daji. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magungunan waje ya yi tashin gwauron zabo, kuma majiyyacin da ya fara magani ya yanke don kuɗi ya fi wanda bai fara ba wahala, don haka inshorar lafiya ta ƙasa ta ɗauki nauyin aƙalla masu arha daga cikinsu. Sarakunan Hausawa na Ikko da Badun da Fatakwal, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, su ma suna da abin yi wanda bai fi ƙarfinsu ba. Ciwon ƙwaƙwalwa da baki a ke gano shi, kuma mutumin da ba ya jin Turanci ko Yarabanci ba zai iya bayyana wa likita bambancin faɗuwar gaba da yawon hankali ba. Kowace unguwa ta ware mutum biyu masu riƙe sirri, namiji da mace, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya asibiti su yi musu tafinta, su kuma tabbatar lambar wayar tsohuwa tana cikin aljihu kafin a shiga ɗakin likita.